Ruwan Da Ba Ya Jiƙa Takarda

Waya tana can ƙasan kofi, ruwa ya shanye ta gaba ɗaya, tocilarta a kunne, kuma tana ƙara! Wallahi da idona na gani, a zauren gidanmu da ke Funtuwa, rana tsaka, ana tsananin zafin bazara. Ɗan ƙanwata ne ya zo hutu daga Legas, inda yake aikin kula da na'urorin kashe gobara a ɗakin manyan kwamfutocin wani kamfanin sadarwa. Ya zaro wata gora daga jakarsa, ya tsiyaya abin da ke ciki a babban kofin gilas, ya karɓi 'yar ƙaramar wayata mai madannai, ya kunna tocila, ya sake ta ciki. Kafin in ce "kai, kai!" har ta nutse. Ya ɗauko tasa wayar ya kira lambata. Sai ga fuskar wayar ta kawo haske, sunansa ya fito ɓaro-ɓaro ta cikin gilas, ƙarar na tasowa can ƙasa-ƙasa. Kowa a zauren ya ɗauki salati.

Ya sa yatsu biyu ya tsamo ta ya miƙo mini. Ina riƙe da ita, ina kallon laimar tana janyewa daga jikinta, kafin in juya bayanta ta bushe ƙarau. Na ɓalle murfi na duba batir, babu ɗigo ko ɗaya. Yatsun yaron ma a bushe suke, sai dai sanyi da na ji da na taɓa su.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne, malamin allo, yana zaune a gefe bai ce uffan ba. Can sai ya aiki almajirinsa ya ɗauko kurtun tawada da alƙalamin kara. Duk wanda ya yi karatun allo ya san halin tawadarmu: gawayi ne da ƙaro, ɗigon ruwa guda ya ishe ta ta narke ta bi hannu. Malam ya rubuta sunan garinmu da ajami a 'yar takarda, ya bari ta sha iska, sannan ya tsoma ta da kansa, ya karkaɗa, ya ƙara karkaɗawa. Ya fito da ita. Ko wasali ɗaya bai motsa ba. Takardar ba ta yi laushi ba, tawadar ba ta zuba ba, ruwan kofin yana nan garau. Malam ya daɗe yana jujjuya takardar, sannan ya ce, "Ikon Allah sai kallo. Yaro, me ke cikin kofin nan?"

Daga nan muka rufar wa kofin da gwaje-gwaje. Aka barbaɗa gishiri, ya gangara ƙasa ya zauna ƙwaya-ƙwaya, ya ƙi narkewa. Aka ɗiga ruwan randa, sai ya dunƙule ya tsaya a sama yana yawo. Aka ɗiga man gyaɗa, shi ma ya tsaya a sama. Na ɗaga gorar, na ji nauyinta ya wuce girmanta, ashe lita guda ta wannan abu ta kai kilo 1.6, alhali ta ruwa kilo 1 ce. Yaron ya ce mu fito fili mu ja baya kaɗan, ya ƙyasta ashana ya kai ta bakin kofin. Tun ba ta taɓa ruwan ba ta mutu, tururin da ke tashi ya kashe ta. Abu na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. Akwai wani fallen kwano da ya yini a rana a tsakar gida, ya zuba masa cokali guda. Nan take ya hau tafasa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, babu murhu babu itace, ya ɓace bai bar ko tabo ba.

"Kawu, kama kawai ya yi da ruwa," in ji shi. "A digiri 49 yake tafasa, ruwa kuwa sai ya kai 100. Wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, shi ya sa wayar ba ta ji komai ba. In gobara ta tashi a ɗakin da muke aiki, ba dama a watsa ruwa, don ruwan sai ya fi wutar ɓarna. Wannan ake fesawa, ya zuƙe zafin wutar, ya tashi ya bar kayan lafiya lau." Sunan da kamfanin 3M na Amurka ya sa masa shi ne Novec 1230, kuma ɗaya ne daga cikin wani babban dangi na ruwaye masu sinadarin fulorin.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan dangi, kuma duk ƙofar da na buɗe sai in tarar da wata a bayanta.

Sirrin yana wuri guda. Fetur, kananzir, man gyaɗa, kitsen jikinmu, duk sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon da haidurojin ya yi wa rakiya. Wuta tana cin su ne saboda iskar oksijin na samun hanyar kaiwa ga kabon ɗin. To masana sun gano yadda za a cire haidurojin a maye gurbinsa da fulorin. Riƙon da fulorin ke yi wa kabon yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a ilimin sinadarai, kuma ƙwayoyinsa kan zagaye sarƙar su rufe ta, kamar dangar ƙaya da aka kewaye lambu da ita: akuya ba ta shiga, ɓarawo ba ya tsallakawa. Wuta ba ta samun mashiga, tsatsa ba ta samu, ruwa da mai duk ba su da wurin kamawa. Shi ya sa gishirin ya ƙi narkewa, tawadar Malam ta tsira.

Abin mamakin shi ne fulorin ɗin kansa, in yana shi kaɗai, babu sinadarin da ya kai shi faɗa. Iska ce mai ɗan rawaya da ke cin ƙarfe, ta ci gilas, ta kama da wuta in ta haɗu da abubuwa da yawa. Masana da dama sun nakasa, wasu sun rasa rayukansu, wajen neman ware ta, har sai da Bafaranshe Henri Moissan ya yi nasara a birnin Faris a 1886, aka ba shi kyautar Nobel a 1906. Tsananin kwaɗayinta na kama wani abu shi ne ya sa in ta kama ba ta saki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu haɗa bam ɗin nukiliya a Amurka sun rasa man shafawa da ruwan sanyaya injin da zai jure wa iskar yuraniyam mai fulorin da suke tacewa, don tana cinye duk abin da ta taɓa. Sai suka koma ga irin ruwayen da wani malamin jami'a, Joseph Simons, ya fara haɗawa. Hanyar da ya ƙirƙiro ta haɗa su da lantarki ita ce 3M ya saya ya gina kasuwancinsa a kai. Har yau, duk yuraniyam ɗin da za a tace, ciki har da irin wanda aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar tun 1971, sai an aurar da shi da fulorin kafin ya zama makamashi.

Wani reshe na dangin, mai suna Fluorinert, shi ya ba ni labarin da ya fi kama da abin da na gani a zaure. A 1985 aka fito da Cray-2, kwamfutar da ta fi kowace sauri a zamaninta. An cusa kayan cikinta a matse har iska ba ta iya ratsawa, ga shi tana cin wuta tsakanin kilowat 150 zuwa 200. Fanka ba ta da amfani a nan. Sai Seymour Cray, wanda ya ƙera ta, ya nutsar da ita ɗungurungum cikin Fluorinert, famfo na zagayawa da ruwan yana kwashe zafi, masu kallo na hango kumfa na tashi ta jikin gilas. A 2021 kamfanin Microsoft ya nuna irin wannan a cibiyarsa ta Quincy da ke jihar Washintan: an jera kwamfutoci cikin tanki, ruwan yana tafasa a jikinsu a digiri 50, tururin ya tashi ya bugi murfi mai sanyi, ya koma ruwa ya zubo, haka yake ta zagayawa ba dare ba rana. Tafasar ita ce sanyayawar, domin duk ruwan da zai zama tururi sai ya saci zafi daga abin da yake kai.

Akwai wanda ma ya fi wannan. Irin waɗannan ruwaye suna iya ɗaukar oksijin kusan ninki 20 na abin da ruwa ke ɗauka. A 1966 wasu masana biyu a Amurka, Leland Clark da Frank Gollan, suka cika irin wannan ruwa da oksijin, suka nutsar da ɓeraye a ciki. Ɓerayen suka ci gaba da numfashi da ruwa a huhunsu, aka fito da su da rai. Likitocin ido kuma tun shekarun 1980, bisa aikin Dakta Stanley Chang, suna amfani da nauyin wannan ruwa. Idan tantanin gani da ke can bayan ido ya ɓalle, sai a ɗura ruwan a cikin ƙwayar idon, ya nutse ƙasa ya danne tantanin ya shimfiɗa shi a mazauninsa, a liƙe, sannan a zuƙe ruwan. Mutumin da ya kama hanyar makancewa ya tashi yana gani. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi tasbihi.

Ina cikin zuba wa ɗan ƙanwata wannan labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai ba sai ka je Amurka ba. 'Yan uwansa suna nan cikin garin nan, kullum kana wuce su. Tashi mu je wajen masu gyaran firji."

Shagon ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsofaffin firji da firiza sun yi layi a waje, wasu a kwance wasu a tsaye, masu sana'ar ƙanƙara da fiya wata na zaune a benci suna jiran nasu. A lungu ga tukwanen gas jere, kowace da launinta: koriya ta R-22 ta na'urar sanyaya ɗaki, mai ruwan sararin sama ta R-134a ta firji da motoci, mai ruwan hoda ta R-410A ta sababbin na'urori. Mai shagon, mutum mai fara'a da tabon walda a hannuwa, ya ce da can akwai fara, R-12, ita ya koyi aiki da ita wajen maigidansa, yanzu ta ɓace. Duk waɗannan suna da fulorin a jikinsu. A cikin tukunya ruwa ne, matsi ya riƙe su. R-134a a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, don haka da ya shiga siririn bututun cikin firji ya sami sarari sai ya tafasa, ya sace zafin zoɓon da ke ciki, kwamfuresa ta zuƙo tururin ta matse shi, ya amayar da zafin ta ragar bayan firjin, ya koma ruwa. Dabarar da ke sanyaya kwamfutocin Quincy ita ce ke daskarar da ƙanƙarar buɗa-baki a Funtuwa. Na tsaya ina kallon wannan baƙar ragar da na sha jingina tabarma a jikinta, sai ka ce yau na fara ganinta.

Sannan ya ce, "Malam, kawo hannunka." Ya ɗauko wani gwangwani ya ɗiga mini a tafin hannu. Sanyi ya ratsa ni, ruwan ya yi ɗan ƙyalli ya ɓace, fatar wurin ta yi fari fat, ya kwashe maiƙonta. "Wannan 141 ke nan. Da shi muke wanke layi in kwamfuresa ta ƙone. Duk baƙin man da ya kwanta cikin fayif, shi ke fito da shi, kuma ba ya barin laima." A digiri 32 yake tafasa, wato zafin inuwar bazara ma ya ishe shi. Shi wannan bai rufe jikinsa da fulorin gaba ɗaya ba, akwai kulorin da haidurojin a tare da shi, shi ya sa yake narkar da mai. Haka masu masana'antu ke yi: su ƙara wannan su rage wancan, har su sami ruwan da zai wanke datti bai taɓa roba ko waya ba. Yayansa, CFC-113, shi aka daɗe ana wanke fanel ɗin kayan lantarki da shi a masana'antun duniya, daga baya irin su Novec 7100 suka gaje shi. Namu masu gyaran waya kuwa da fetur ko sifirit da tsohon buroshin haƙori suke yi, kusa da kan-wuta mai zafi.

Ya kamata a yi wa wannan dangi adalci, don ya ceci rayuka. Kafin 1930, firji na aiki ne da amoniya da wasu iskoki masu guba, in bututu ya fashe da dare sai a wayi gari da gawawwaki. Thomas Midgley ne ya jagoranci haɗa R-12, wanda aka sayar da sunan Freon, ya kuma tsaya gaban taron masana a 1930 ya shaƙe shi, ya hura ya kashe kyandir, don ya nuna ba ya kisa, ba ya kamawa da wuta. A ɗakin tiyata ma haka. Da can da wani ruwa mai suna "ita" ake sa barci, mai saurin kamawa da wuta, har Charles Suckling ya haɗa halotan a Ingila a 1951, aka fara aiki da shi a 1956. Ruwa ne mai fulorin a 'yar kwalba, shi da ƙanensa aisofuloren su ne ke kwantar da majinyata da yawa a asibitocin ƙasar nan. Abin shaƙar da mai asma ke matsawa a baki, R-134a mai tsafta ne ke tura maganin. Har wasu magungunan feshin wake da auduga akwai fulorin a jikinsu.

Muna nan tsaye sai na ji wani tsiii mai tsawo daga waje. Yaron shago ne ya datse bututun wata tsohuwar firiza da filaya, farin tururi na fita. Na ce ina gas ɗin zai tafi? Mai shagon ya ɗaga hannu sama ya ce, "Iska ce, Malam, ta bi 'yar uwarta." Bai faɗa da mugunta ba. Haka aka koya masa, haka kowa ke yi, kuma ba shi da injin zuƙe gas ko tukunyar tara shi. Amma gabana ya faɗi, domin a lokacin na riga na san abin da wannan danga ke nufi. Abin da wuta ba ta ci, ruwa bai narkar ba, ƙasa ba ta ruɓar ba, to in ka sake shi yana nan.

Duniya ta fara gane haka a 1974, lokacin da Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa irin su R-12, da yake babu abin da ke taɓa su a ƙasa, suna hawa har can ƙololuwar sama, inda hasken rana ke fasa su, kulorin ɗin cikinsu ya fito ya dinga cin shimfiɗar iskar ozon. Wannan shimfiɗa ita ke tare mana haskoki masu haddasa sankarar fata da yanar ido, kuma wa ya fi manomin da ke yini a kunya buƙatarta? A 1985 masanan Birtaniya suka sanar da ƙaton gibi a samaniyar Antatika. Ranar 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montiriyal a Kanada, mako guda cur kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga watan. Nijeriya ta shiga a 1988, kuma zuwa 2010 aka rufe babin CFC, wato irin su R-12, a ƙasashe masu tasowa. Dalilin ɓacewar farar tukunyar mai shagon ke nan. R-22 da 141 su ma suna da kulorin, an tsara za su bi sahu nan da 2030.

R-134a ba ya taɓa ozon, sai dai shi kuma zafi yake tarewa. Kilo guda nasa yana ɗumama duniya daidai da kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Ita wannan tukunyar mai ruwan sararin sama kilo 13.6 take ɗauka, in ka buga lissafi ta haura tan 19 na hayaƙi, a lungun shago guda. R-22 ya fi shi, nasa 1,810 ne. Saboda haka aka sake zama a Kigali ta Ruwanda a 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara, Nijeriya ta amince a 2018, kuma ƙasashe irin namu za su rage rukunin su R-134a da kashi 80 cikin ɗari zuwa 2045. Su kuwa waɗanda suka rufu da fulorin tsaf, lamarinsu ya wuce nan. FC-72, ɗaya daga cikin ruwayen Fluorinert, in ya tashi sama yakan haura shekara 3,000 bai lalace ba. Wanda ɗan ƙanwata ya kawo an ƙera shi da gangan da ƙofar da hasken rana zai shiga ya fasa shi cikin 'yan kwanaki, amma ko shi ɓurɓushinsa masu fulorin suna saukowa ƙasa.

Labarin da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan manoma ba na sama ba ne, na ƙasa da rijiya ne. Babban gidan da waɗannan sinadarai suka fito ana kiransa PFAS, dubbai ne, kuma wasunsu suna narkewa a ruwa, su shiga jini su zauna shekaru. A Parkersburg ta Amurka, masana'antar DuPont mai yin Teflon ta daɗe tana sakin ɗaya daga cikinsu, PFOA. Bayan shari'a, aka binciki jinin kusan mutum 70,000, kwamitin masana ya kammala a 2012 da cewa akwai alamar alaƙa tsakaninsa da cututtuka shida, ciki har da sankarar ƙoda da ciwon maƙoƙo. A Zwijndrecht, kusa da Antwerp ta Beljiyam, inda 3M ke da masana'antar da ta riƙa yin irin waɗannan ruwayen sanyaya, an gano a 2021 cewa ƙasar yankin ta gurɓace da PFOS, wani ɗan wannan gidan. Hukuma ta ce wa mutanen kewaye su daina cin ƙwan kajin da suke kiwo a gidajensu. Ka tsaya ka auna wannan. Kaza tana tonon ƙasar gidanku, ta yi ƙwai, a ce haramiyarka ce saboda abin da ba ka gani, ba ka jin warinsa, kuma wanki ba ya fitar da shi. A jihar Maine, manoman da aka ba takin da aka samo daga dagwalon birni sun wayi gari madarar shanunsu ba ta sayuwa, gonakin gado sun zama abin gudu, har jihar ta hana zuba irin wannan taki a 2022. Kamfanin 3M ya amince da biyan Yuro miliyan 571 a Beljiyam a 2022, da Dala biliyan 10.3 ga hukumomin ruwan sha na Amurka a 2023. A Disambar 2022 ya sanar da cewa zai daina yin duk wani PFAS zuwa ƙarshen 2025, har da Fluorinert da Novec.

Ba ina cewa ruwan da ke cikin gorar nan shi ne PFOA ba, ko kuma gas ɗin firji yana sa sankara. Kowane da halinsa. Amma gida ɗaya suka fito, sau da yawa masana'anta ɗaya, kuma taurin kai ɗaya suka gada. Wasu kamfanoni, musamman a ƙasar Sin, suna ci gaba da yin irinsu. Kuma mun san inda kayan da masu kuɗi suka ƙi ke ƙarewa, tsofaffin firjin da ke zube gaban shagon nan shaida ne.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: babu wanda ya kai mu buƙatar sanyi. Ka bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi lokacin kakar tumatir, ka leƙa Ɗanja da Ƙafur, ka ga kwanduna jibge a rana ana jiran motar Legas, farashi na faɗuwa da kowace sa'a, wanda ya rasa mai saye ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, wanda ya makara ya zubar. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na tumatirin ƙasar nan ba ya kaiwa tukunya. Nonon Fulani yana tsami kafin ya isa gari. Allurar rigakafin yara tana son zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, haka insulin na masu ciwon suga, haka allurar tsayar da jinin mai haihuwa. Yanzu da sola ta shigo, firiza na shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken lantarki ba, kuma ina murna da haka ƙwarai. Ɗakunan sanyi za su zo, dole su zo. Tambayar ita ce da wane gas za a cika su, kuma wa zai gyara su.

Amsar farko tana nan a shagon ma. Mai gyaran ya nuna mini 'yan ƙananan gwangwanayen R-600a da sababbin firji ke amfani da shi. Babu fulorin a cikinsa, ɗan uwan gas ɗin girki ne, shi da R-290, kuma ɗumamar da suke jawowa ba ta wuce ninki 3 na hayaƙin kabon ba. Sai dai suna kamawa da wuta, don haka suna son hannun da ya ƙware: ba a kusantar su da wutar walda, ba a ɗura su a injin da ba don su aka yi shi ba. Masu fulorin ɗin ma suna da nasu haɗarin a shago. In harshen wuta ya taɓa R-22 ko 141, suna rikiɗa su zama hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu, wannan warin mai shaƙe maƙogwaro da masu walda suka sani. Sun kuma fi iska nauyi, suna kwanciya a ƙasan ɗakin da ba taga su kore numfashi. Ga jabu: a 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka mutu, saboda an ɗura musu jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai cin alminiyam. Yanzu da aka buɗe tashar tsandauri a Funtuwa, wannan labari ya shafe mu kai tsaye.

Akwai Ofishin Kula da Ozon a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, akwai ƙungiyar masu gyaran firji ta ƙasa, NARAP, akwai hukumar NESREA. Ina roƙonsu su kawo horo da injinan zuƙe gas har Funtuwa da Malumfashi da Bakori, a yi bayanin da Hausa, a gaban shago, ga yaran da ke riƙe da filaya. Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT suna nan Zariya kusa da mu, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Ina roƙon masanansu su ɗebi ruwan madatsar Mairuwa da na rijiyoyin da ke kusa da bololin garuruwanmu su auna, mu san matsayinmu tun ƙasarmu na da tsafta. Duk gwamnati ko ƙungiyar da za ta gina wa manoma ɗakin sanyi, ta rubuta irin gas ɗin a cikin kwangila.

Kai kuma mai karatu, yau in ka koma gida ka juya firjinka. A jikin baƙar kwamfuresar da ke ƙasa akwai 'yar takarda da aka rubuta sunan gas ɗin da ke ciki. Ka karanta ka riƙe. In za ka sayi sabo, ka nemi mai R-600a. In za ka kai gyara, ka ce wa mai gyaran ya fara nemo inda yake yoyo ya toshe kafin ya ɗura wani, ya yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, kuma kada ya sa wuta a bututun da bai tabbatar babu gas a cikinsa ba.